Da Wane Ma'auni Ake Auna Salon Mai Rubutu Kan Shugabanci?

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga birnin Katsina, daga wani malamin makarantar sakandare da ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina rubuta maƙaloli kan shugabanci, wasu a buga su a jarida, wasu kuma su yi ta yawo a wayoyin mutane. Damuwata ita ce na rasa gane abin da masu karatu ke nema. Da farko ina rubutu cikin sauƙi da ladabi, sai wani malamina da nake ganin girmansa ya ce rubutuna ba shi da laifi, amma kowa ma zai iya rubuta shi, domin ba a jin muryata a ciki. Sai na koma cusa karin magana da kalmomin Larabci da dogayen jimloli, abokaina suka ce ƙaƙale ya yi yawa. Daga baya na rubuta wata maƙala mai zafi kan masu riƙe da muƙamai, ta karɓu fiye da duk abin da na taɓa rubutawa, amma sai ga shi ana cewa kwangila aka ba ni, har wani ɗan uwana ya ja baya da ni. Da wane ma'auni ake auna salon marubuci? In ci gaba da zafin, ko in koma na farko, ko in ajiye alƙalamin gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ajiye alƙalaminka, domin mutumin da malaminsa ya zauna ya karanta rubutunsa har ya faɗa masa gaskiya, abokansa suka kula da canjin da ya yi, jama'a kuma suka tsaya suna muhawara a kan wanda ya sa shi, ya riga ya samu abin da marubuta da yawa ke nema ba su samu ba, wato masu karatu da suka ɗauke shi da muhimmanci. Sai dai ina ganin suka ukun nan da ka lissafa duk tushensu ɗaya ne. Sau biyu ka sauya yadda kake jera kalmomi, amma a wasiƙarka ban ga inda ka faɗi abin da kai kanka ka yi imani da shi game da shugabanci ba, ko abin da ka sani wanda wasu ba su sani ba, kuma waɗannan biyun su ne mai karatu ke laluba kafin ya kula da daɗin lafazi.

Ya kamata ka fahimci irin mai karatun da kake rubuta wa. Wanda ya ɗauki labarin soyayya ko waƙa yana iya barin daɗin harshe ya tafi da shi, amma wanda ya ɗauki rubutu kan masu mulki yana shiga ne da tambaya a ransa: wane ne wannan, yaron wane ne, me zai samu idan na yarda da shi? Wannan ba mugun zato ba ne kawai. Bahaushe ya daɗe yana sauraron magana a gaban iko, ya san kirari, ya san bambaɗanci, ya san zambo da habaici, ya san yadda bafade ke tauna magana kafin ya furta ta, a zamanin nan kuma ya ƙara da sanin sojojin baka waɗanda ke yabon wannan a bana su zage shi baɗi idan hanya ta toshe. Kunnen da ya sha wannan horo ba ya ruɗuwa da ado. Saboda haka a wajen masu karatunka salo da amana a haɗe suke, kuma abin da suke kira muryar marubuci ya ƙunshi irin abubuwan da yake lura da su, da ma'aunin da yake auna mutane da shi, da abubuwan da ba ya yarda ya faɗa ko da za su jawo masa tafi.

Bari in fara da maganar malaminka, domin ita ce mafi nauyi a cikin ukun, kuma ina jin ka yi mata fassarar da ba ita yake nufi ba. Da ya ce kowa zai iya rubuta abin da ka rubuta, ba ƙarancin karin magana ya gani ba. Na san irin wannan rubutu, domin ya cika ko'ina: shugaba nagari shi ne mai gaskiya da riƙon amana, mai sauraron talakawa, mai tsoron Allah, shugabanninmu kuwa sun gaza. Duk gaskiya ne, amma babu jimla ɗaya a ciki da ta nuna marubucin ya taɓa shiga wani ofis, ya ga wata takarda, ko ya zauna da wanda hukuncin wani shugaba ya shafa. Ana iya cire sunan Katsina a sa na kowace jiha, rubutun bai canza ba.

Ka dubi abin da ya faru a garinku shekaru sama da ɗari biyu da suka wuce. Malam Umarun Dallaji, wanda ya zama Sarkin Katsina bayan jihadi, ya nemi Muhammadu Bello ya rubuta masa nasiha kan yadda ake tafiyar da mulki, shi kuma ya rubuta masa ɗan littafin nan Usulus Siyasa mai ginshiƙai bakwai. Abin da ya sa har yau ake komawa gare shi bai tsaya ga kiran sarki zuwa ga taƙawa da adalci ba, ko da yake ya yi wannan kiran. Marubucin ya sauko har kan manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya ce kula da su aikin mai mulki ne, ya ambaci gyaran kasuwanni da hanyoyi da raya ƙauyuka. Ya san wanda yake rubuta wa, ya san aikin da ke gabansa, ya kuma san garin da za a yi aikin a cikinsa. Wannan shi ne darasin da nake so ka ɗauka: kafin ka fara kowace maƙala, ka tsayar da mutum ɗaya a gabanka, ko shugaban makaranta ne, ko kansila, ko hakimi, ko uban da ke tunanin wanda zai zaɓa, ka yi masa magana kan abu ɗaya da ke hannunsa.

Kai kuwa kana da abin da mafi yawan masu rubutu kan shugabanci ba su da shi, domin kullum kana cikin wata ƙaramar hukuma mai shugaba da mabiya da kasafi da rikici, wato makaranta. Ka san bambancin shugaban makarantar da ke zagaya azuzuwa da wanda ba a ganinsa sai ranar taro. Ka san abin da ke faruwa da aji idan aka ɗauke malamin lissafi a tsakiyar zango ba a kawo wani ba, ka kuma san wanda ke sa hannu a irin wannan canjin. Idan ka ɗaga kai sama kaɗan, akwai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, bisa sharaɗin jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine da kayan aiki. Akwai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da wannan hukunci ya shafa. Marubucin da ya ce shugabanni sun yi watsi da ilimi ya faɗi abin da kowa ke faɗa a majalisa bayan La'asar. Wanda ya bayyana yadda kuɗin ke tafiya daga Abuja zuwa aji, ya nuna mahaɗar da yake tsayawa, ya faɗi muƙamin da ke da alhakin wannan mahaɗar, shi ne za a riƙa cewa rubutun wane ne tun kafin a ga sunansa a ƙasa.

Batun ƙaƙale ba zan daɗe a kansa ba, domin abokanka sun yi gaskiya, kai ma ina jin ka sani. Karin magana tana da ƙarfi ne idan ta zo bayan hujja ta ɗaure ta, amma idan aka jera uku a sakin layi ɗaya sai mai karatu ya gane an rasa abin faɗa ne ake cike gurbi. Gwajin mai sauƙi ne: ka cire ta ka sake karanta jimlar, idan ba a rasa komai ba to dama ba ta yi aiki ba. Kalmar Larabci da ta zama tamu, kamar adalci da amana da maslaha, ba ta da matsala, wadda kuwa sai an nemi malami ya fassara, ka bar ta. Aya da hadisi sun fi wannan nauyi, domin wanda ya kawo su ba tare da ya tabbatar da lafazinsu da mahallinsu ba ya ɗauki alhaki babba, kuma masu karatu a gari mai malamai irin Katsina za su kama shi. Doguwar jimla ba laifi ba ce matuƙar wanda ke sauraro bai ɓace a tsakiyarta ba. Tun daga 1939, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam a kujerar edita, rubutun Hausa na jarida abu ne da mutum ɗaya ke karanta wa jama'a a bayyane, kuma har gobe wannan ita ce jarrabawar da ta fi kowace: ka karanta maƙalarka da ƙarfi ga wanda bai yi boko mai zurfi ba, duk inda numfashinka ya yanke ko ya ce ka maimaita, nan ne gyara yake. Masu sanin hula ba sa gane hannun maɗinki da yawan launin zare, sukan juya cikinta ne su dubi daidaiton ɗinkin.

Yanzu sai maƙalar nan mai zafi, wadda ita ce ta fi damuna, domin a nan ne marubuta masu hazaƙa da yawa suka karkace. Ka ga an karanta ta fiye da sauran, sai zuciyarka ta ce ka gano hanya. Ka rarrabe tsakanin yawan masu karantawa da yawan masu yarda. Mutane na taruwa inda ake faɗa, amma taruwarsu ba ta nufin gobe za su nemi ra'ayin mai faɗan idan magana ta yi tsanani. Haɗarin kuma shi ne zafi yana neman ƙari: wanda aka yaba wa saboda kaifin harshe a yau, dole gobe ya ƙara kaifi kafin a sake yaba masa, har ya wayi gari yana faɗin abin da ba zai iya tabbatarwa ba.

Ba ina cewa zafi aibi ne a kansa ba. Tarihin Arewa ya nuna ana iya tsayawa kan gaskiya da harshe iri-iri. Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchi wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, mutum ne da aka sani da natsuwa da auna magana, amma shi ne ya miƙe a majalisar Arewa a 1950 ya nemi a yi wa tsarin mulkin En'e, wato hukumomin gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna, garambawul, a lokacin da irin wannan magana ke buƙatar ƙarfin zuciya. Sa'adu Zungur kuwa, wanda shi ma daga ƙasar Bauchi ya fito, harshensa kaifi gare shi, a waƙa da a zube. Dukansu biyu an saurare su, domin an san kowannensu da matsayin da ba ya sauyawa da sauyin mai sauraro. Kusa da gida kuma akwai marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, masanin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya rasu a 2005. Rubutunsa kan masu mulki ba shi da sanyi ko kaɗan, amma abin da ya sa ko waɗanda ba sa ra'ayinsa ke shakkar tunkararsa shi ne ba ya jefa zargi sai da kwanan wata da adadi da takardar da ya dogara da ita. Ka koma ga maƙalarka ka ƙirga: zarge-zarge nawa ne a ciki, kuma nawa ne za ka iya kare su idan wanda ka soka ya zaunar da kai gaban dattawa ya ce kawo shaidarka?

Akwai wata hanya da marubutanmu ke bi don guje wa wannan tambaya, ita ce habaici: a siffanta mutum yadda kowa zai gane shi, a ƙi kiran sunansa, domin in an tashi tuhuma a ce ba da shi ake ba. Masu karatu na jin daɗin wannan, amma a ransu sun san marubucin ya yi jifa ya ɓoye hannu, kuma ba sa ba shi amanar da suke ba wanda ya ce ga hukuncin da aka yanke, ga ofishin da ya yanke shi, ga illar da ya haifar. Ka soki aiki a fili da hujja, ka bar asalin mutum da iyalinsa da halittarsa. Wannan ya fi mutunci, ya fi tasiri, ya kuma nisanta ka da ƙarar ɓata suna, wadda doka ta tanada kuma ana shigar da ita. Idan makarantar gwamnati kake koyarwa, ka nemi dokokin aikin gwamnati ka karanta abin da suka ce game da ma'aikaci da siyasar jam'iyya da bayyana takardun ofis, domin ka san iyakar filinka da idonka a buɗe.

Zargin kwangila ba a wanke shi da maƙalar musu, kuma ina ba ka shawara kada ka rubuta ta. Abin da ke wanke shi lokaci ne da ma'auni ɗaya. Masu karatu suna riƙe da lissafi fiye da yadda kake zato: suna duban ko laifin da ka kama a wannan ɓangare za ka kama shi idan ɗaya ɓangaren ya aikata, da ko za ka iya yaba wa wanda ka saba suka ranar da ya yi daidai. Ga Bakatsine wannan jarrabawa ta fi tsanani, domin jiharku ta fitar da shugabannin ƙasa biyu a wannan jamhuriya, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 2007 zuwa 2010, da marigayi Muhammadu Buhari na Daura daga 2015 zuwa 2023, kuma duk wanda ya karanta ka daga wata jiha zai so ya ga ko ma'auninka yana lanƙwasa idan ya zo kan ɗan gida. Haka na gida za su duba ko kana matsa wa naka ne fiye da kima don a ce kai mai gaskiya ne, wanda shi ma karkata ce. Sannan ka tsare hannunka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma kyautar mai muƙami ga marubuci, ko da sunan kuɗin mai ko goron Sallah ta zo, tana da ranar biya. Idan kana da alaƙa da wanda kake rubutu a kansa, ta jini ko ta aiki ko ta jam'iyya, ka faɗe ta da bakinka a cikin rubutun kafin wani ya faɗa maka ita.

Maganar ɗan uwanka ba ta salo ba ce, amma kada ka bar ta ta kwana da yawa. Ka taka har gidansa, ka gaishe shi, ka tambaye shi wace jimla ce ta sosa masa rai, ka saurara har ya gama. Mai yiwuwa wanda ka soka mai taimakonsa ne, mai yiwuwa kuma ya ji tsoron abin da zai biyo baya ga danginku. Idan ka tarar akwai inda ka wuce sukar aiki ka shiga cin mutunci, ka ba da haƙuri a kan wannan wurin ba tare da jan rai ba, ka kuma gyara shi a fili kamar yadda ka faɗe shi a fili. Idan kuwa gaskiyar ce kawai ta yi masa ɗaci, ba sai ka janye ta ba, amma zumunci yana da haƙƙin a yi masa bayani cikin ladabi, kuma sau da yawa zuwan da kansa ya isa.

Ka kuma rage yawan kunnuwan da kake ba kowa, domin na lura duk wanda ya yi maka magana sai ka juya gaba ɗaya. Mai karatu ya fi kowa sanin inda ya gaji, da inda ya rikice, da inda ya daina yarda, kuma a kan waɗannan ka gaskata shi. Amma maganin da zai rubuta maka ba lallai ne ya zama daidai ba, domin wannan aikinka ne. Ka zaɓi mutum biyu ko uku da za ka riƙa nuna wa rubutu kafin ya fita: ɗaya wanda ya san fannin, ɗaya wanda ya san Hausa, in da hali kuma ɗaya wanda ba ra'ayinku ɗaya ba a siyasa amma ba ya ƙarya. Wannan na ukun shi ne zai nuna maka inda ka yi wa abokin hamayya rashin adalci wajen kawo hujjarsa, kuma babu abin da ke ɗaga darajar marubuci a idon mai karatu kamar ya ga an kawo hujjar ɗaya ɓangaren da cikakken ƙarfinta kafin a amsa ta.

Ga aikin da zan ba ka. Ka tattara tsoffin maƙalolinka na dukkan matakan uku, ka bi su da jan biro, ka ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ka tabbata babu wanda zai iya rubuta ta sai wanda ya ga abin da ka gani ko ya yi tunanin da ka yi. Za su yi kaɗan, kada hakan ya karya maka gwiwa. Ka kwafe su a takarda ɗaya ka karanta su a jere, za ka ga suna da wani abu da ya haɗa su, ko a irin abin da ke ba ka haushi, ko a irin mutanen da kake tausaya wa, ko a yadda kake shiga magana. Daga nan ka zaɓi matsala ɗaya tak da ka sani ciki da waje, misali yadda ake naɗa shugabannin makarantu da yadda ake sauya musu wurin aiki, ka ba ta lokacin bincike, ka ji ta bakin waɗanda abin ya shafa har da masu yanke hukuncin, sannan ka rubuta ta da Hausar da kake yi wa ɗalibanka bayani da ita ranar da kake son su gane darasi da gaske. Idan ka gama, ka kai wa malaminka kafin kowa ya gani, kuma kada ka tambaye shi ko ta yi kyau. Ka roƙe shi ya nuna maka sakin layin da yake ganin wani ma zai iya rubutawa, ka koma ka sake aiki a kansa. Allah ya yi maka jagora, ya kuma daidaita tsakaninka da ɗan uwanka.